Sanarwar Da Ta Riga Dattawa

A unguwar Television da ke Kaduna, idan ka bar babban titi ka shiga layin masu gyaran babur, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa da aka raba biyu da katako. Ɓangaren dama na Debby ne, mai sayar da kifi da kaji na firiza. Na hagu na mijinta ne, Wilfred, kuma babu komai a cikinsa sai tebur da kujeru biyu da fanka da kwamfuta. Kowa a layin ya san abin da matar take sayarwa. Sana'ar mijin ce take ba su wahalar bayani. Wasu su ce mai buga takardu ne, wasu su ce ɗan Fesbuk ne, tsofaffi kuwa su ce mutumin nan mai sa hoto a waya.

Dukansu ba su yi ƙarya ba. Wilfred ya haura hamsin, furfura ta cinye gefen kansa, kuma aikinsa shi ne riƙe wa mutane shafukansu na sada zumunta. Akwai coci biyu a hannunsa, da wata makaranta mai zaman kanta a Tirkaniya, da wata mata mai yin kek. Akwai kuma ƙungiyar 'yan wani yanki na bayan Kachia mazauna Kaduna, wadda ta fi kowa kawo masa aiki, domin ba a mako guda ba a yi aure ko haihuwa ko taro a cikinsu ba.

Ba da kwamfuta ya fara rayuwa ba. Daga wajen Pankshin ya zo Kaduna yana saurayi, da jaka ɗaya da sunan wani ɗan garinsu mai aiki a wata masaƙa a Kakuri. Aka ɗauke shi a sashen rini. Ya yi shekaru hannuwansa ba su san asalin launinsu ba, yau shuɗi gobe ja, har Debby takan ce ranar da ya zo neman aurenta mahaifiyarta ta ɗauka ciwo ne. A wancan zamani, idan aka busa jiniyar tashi, titin Kakuri kan cika da kekuna har mota ta rasa hanya. Sannan masaƙun suka soma rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ma ta bi sahu. Wilfred ba ya son jan wannan zance. Abin da yakan ce kawai, ya je aiki wata safiya ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Sakataren cocinsu ne ya koya masa buga rubutu da yatsa biyu, a wata tsohuwar kwamfuta da ke ofishin fasto. Daga nan ya buɗe ɗan wurinsa, yana buga takardar neman aiki da katin aure da tsarin sujadar jana'iza. Da wayoyi suka yawaita sai masu kawo aiki suka fara cewa, "Oga Wilfred, ba sai ka buga ba, sa mana a Fesbuk kawai." Bai taɓa ce wa kowa bai iya ba. Sai ya ce a dawo gobe, ya zauna ya koya.

Da shafukan suka yi masa yawa, sai ya koma amfani da wata manhaja da ake haɗa su duka a wuri guda. Mutum ya rubuta abu sau ɗaya, ya zaɓi shafukan da zai fita, ya saita rana da lokaci, ya tashi ya kama gabansa. In lokacin ya yi, abin zai fita da kansa, ko mai shi yana barci ko yana kasuwa. Wannan ya yi wa Wilfred daɗi ƙwarai, domin ya tuna masa da injinan masaƙa: ka saita, ka matsa gefe, ya yi aikinsa. Ranar Litinin yakan loda aikin mako gaba ɗaya, ayar safiya ta wannan coci, kek ɗin waccan mata, sanarwar komawa makaranta, sannan ya leƙa ta saman katako ya ce da matarsa ya gama aikin mako.

"Ka gama?" takan ce. "To zo ka kankare mini kifi."

Wata ranar Talata a farkon kaka, da hantsi, Baba Tagwai ya shigo shagon. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan bayan Kachia, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai son zama ya yi doguwar gaisuwa. Ranar bai zauna ba.

"Harrison ya tafi," ya ce.

Harrison direban tanka ne, yana zaune a Rido da matarsa Gloria da 'ya'yansu. Ya kwanta ciwo 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, da safiyar ranar ya cika. Wilfred ya san shi sarai. Duk hoton taron ƙungiya da ya taɓa sa wa a shafi, Harrison yana tsakiya yana dariya, ya dafa kafaɗar mutum biyu.

Mahaifiyar Harrison tana ƙauye, tsohuwa mai hawan jini, kuma shi ne ɗa namiji da ya rage mata. A wurin mutanensu ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta ta waya, ba kuma kowa ke gaya mata ba. Dattawa ne za su tashi daga birni su je. Ko sun isa ba za su wuce gidanta kai tsaye ba, sai sun fara sauka a gidan ɗan'uwanta namiji, kawun mamacin. Shi zai shige gaba, fasto a gefensa, a nemo mata su zauna kusa da ita, sannan kawun ya buɗe baki. Haka suka taso suka tarar, kuma Baba Tagwai da wasu dattawa biyu sun riga sun sami mota.

"Ka shirya sanarwa," in ji shi. "Nemi hoto mai kyau. Kar ka sa wanda yake cikin kayan aiki, duk baƙin mai."

"To, Baba. Yaushe za ta fita?"

"Sai mun gama da Mama."

"Yaushe ke nan?"

"La'asar dai."

"Baba, injin nan bai san la'asar ba. Ƙarfe nawa?"

Baba Tagwai ya ɗaga kai yana auna hanyar a ransa, Kujama, Kasuwar Magani, Kachia, sai ratsen ƙauye. "Huɗu ta yi," ya ce. "Kafin huɗu ai mun gama har mun sha ruwa."

A nan aka sami saɓani, ba tare da ko ɗayansu ya lura ba. A wurin Baba Tagwai, huɗu na nufin lokacin da Wilfred zai kira shi ya ji ko an gama, sannan ya danna abin da yake dannawa. A wurin Wilfred kuwa, huɗu na nufin huɗu. Ya zaɓi hoton Harrison na ranar bikin godiya, cikin farar shadda, ya zagaye shi da baƙin layi, ya rubuta suna da garin haihuwa da addu'a. Ya zaɓi shafin ƙungiya na Fesbuk da na Instagiram, ya saita lokaci, ya kashe kwamfuta. Daga nan ya yi abin da ya kamaci maƙwabcin kirki, ya shiga bas zuwa Rido don ya zauna da iyalin mamaci.

Gidan a cike yake. Maza suna waje a ƙarƙashin mangwaro, matan zumuntar coci suna falo da Gloria, wani lokaci su ɗauki waƙa a hankali, wani lokaci su yi shiru. Wilfred ya rufe ƙarar wayarsa ya sa ta a aljihu, kamar yadda ake yi a gidan makoki. Da rana ta karkata sai ya ji wayar wata mata ta yi ƙara a falo, sai ta wata, sai ta wani a wajen maza. Wanda ke zaune kusa da shi ya miƙo masa fuskar wayarsa ya ce, "Oga, ka zaɓi hoto." Wilfred ya gyaɗa kai. Abin ya fita a kan lokaci, kamar kullum.

Sai da ya ciro tasa wayar ya ga kiran Baba Tagwai a jere, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya koma bayan gida ya kira.

"Wilfred! Me ka saki?"

"Sanarwa, Baba. Huɗu ta yi."

"Ta yi a agogonka! Yanzu wani ya kira ni daga Abuja yana yi mini gaisuwa. Tun azahar muna zaune a ƙofar gidan Kawu Samson. Ya tafi cin kasuwa a wani gari, an bi shi a babur. Ba mu je wurin Mama ba. Ba ta san komai ba."

"To ku je mana, Baba, ku gaya mata yanzu kafin..."

"Ba kawunsa? Mu tsallake ɗan'uwanta mu shiga mata da wannan magana? Wa zai riƙe ta? Kai dai cire abin nan. Cire shi yanzu."

Wilfred ya jingina da bango. Shi ya san yadda irin wannan saƙo yake idan ya biyo ta hanyar da ba tasa ba. Yana masaƙa mahaifiyarsa ta rasu. An turo mutane daga gida, amma kafin su iso wani direban motar garinsu ya gan shi a ƙofar masaƙa an tashi aiki, ya leƙo ta taga ya ce, "Wilfred, sannu da haƙuri, ashe Mama lokaci ya yi." Yana riƙe da burodi a lokacin. Har yau bai san yadda ya kai kansa ɗaki ba. To shi saurayi ne mai ƙarfi. Wannan kuwa tsohuwa ce da ke shan magani safe da yamma.

Ya buɗe manhajar a wayarsa. A ƙarƙashin sanarwar akwai zaɓi biyu, gyarawa da gogewa. Ya fara kai yatsa kan gyarawa, sai ya tsaya. Rubutun kaɗai zai iya canzawa, hoton da baƙin layinsa yana nan, kuma duk mai son ganin abin da aka rubuta da farko zai iya dubawa. Ya danna gogewa. Na Fesbuk ya tafi, ya tafi da duk inda mutane suka tura shi zuwa shafukansu. Amma na Instagiram manhajar ta ce hannunta bai kai can ba, sai an shiga shafin kansa an cire. Shafin kuwa a kwamfutar shago yake a buɗe, kuma tsakanin Rido da Television da cunkoson yamma ba tafiyar yanzu-yanzu ba ce.

Ya kira matarsa.

"Maman Peace, kina shago?"

"Ina zan je? Kifi ne zai sayar da kansa?"

"Bar kifin. Shiga wajena ki kunna kwamfuta."

"Ni? Kai da ka ce ko ƙura kar in goge mata?"

"Yau na janye. Abeg, yi sauri. Sanarwar Harrison ta fita, ba a gaya wa Mama ba."

Debby ba ta ƙara wasa ba. Babu wuta a layin, don haka ta zare wayar firiza daga janareta ta jona kwamfutar, ta bar wata mai sayen kaza a tsaye. Ita da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ta zauna a kujerar mijinta, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ga hoton nan. Kai, Harrison, Harrison."

"Kar ki tsaya kallo. A samansa ta hannun dama akwai ɗigo uku."

"Ban ga ɗigo ba."

"Kin sa tabarau?"

"Tsaya. To, na gani. Kibiyar ce ta gudu, Baban Peace, ta shige lungu."

"Ja ta a hankali, ba kamar kina goge tebur ba."

"Hannuna duk ƙarnin kifi ne, in ka dawo kar in ji bakinka. Na danna. Ga wani jan rubutu."

"Shi ne. Danna shi."

"Wai yana tambayata ko na tabbata."

"Ce masa kin tabbata."

Ta danna. Sannan ta ce, "Ya tafi."

Ya kamata hankalinsa ya kwanta, amma bai kwanta ba. Da ya dawo wajen mangwaro ya tarar ana nuna wa juna hoton har yanzu. Mutane sun riga sun ɗauke shi daga shafin sun ɗora a sitatus na Watsaf, wasu sun tura a zaurukan dangi. Wannan babu manhajar da za ta iya gogewa. Kuma ya lura da wani abu: gogewar da ya yi ba ta gaya wa kowa komai ba. Wanda ya gani ya gani, zai ci gaba da yaɗawa, har ma ya kira ƙauye ya tambaya me ya sa aka cire. Idan kuma ya fito ya rubuta cewa ba a gaya wa mahaifiyar Harrison ba, ya sake yin sanarwar ke nan da hannunsa.

Ya zauna a kan wani bulo ya rubuta ya share, ya rubuta ya share. Abin da ya sa a shafin a ƙarshe layi biyu ne, ba suna, ba hoto: "'Yan'uwa, duk wanda ya ga abin da ya fita a nan ɗazu, don Allah ya riƙe a ransa. Dattawa suna hanya."

Baƙo ba zai fahimci komai a ciki ba. Amma duk ɗan yankin ya san abin da ake nufi idan aka ce dattawa suna hanya. Ba a jima ba amsoshi suka fara shigowa a ƙasa, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Mun ji. Mun ji, Oga. Mun ji.

Sannan ya yi abin da ya fi masa wuya a ranar, ya shiga falo ya durƙusa a gaban Gloria ya gaya mata abin da ya faru. Ya ɗauka za ta yi masa faɗa, kuma da ta yi ba zai ga laifinta ba. Ta dube shi da kumburarrun idanu, ta juya wajen matan zumunta ta ce kowace ta ɗauki wayarta. Suka raba aikin a tsakaninsu ba tare da wani ya tsara musu ba. Wannan ta kira 'yan Sabon Tasha, waccan 'yan Abuja, wata ta kama zauren matasa. Duk wadda ta ga hoton a sitatus ɗin wani sai ta kira shi ta ce ya sauke. Falon da ake waƙar makoki ya koma kamar tashar mota.

Mutum ɗaya ne ya yi gardama, wani direban tanka mai suna Ebenezer, abokin Harrison tun suna yaran mota. Ana jin muryarsa ta cikin wayar har bakin ƙofa.

"Abokina ne! Ni ba zan yi kukansa ba? Wa ya isa ya ce in sauke?"

Gloria ta miƙa hannu aka ba ta wayar.

"Ebenezer, ni ce."

"Madam..."

"Ka yi kukanka, ba wanda ya hana ka. Ni ma shi nake yi. Amma ƙanwarka tana aure a ƙauyenmu, kuma tana ganin sitatus ɗinka. Kana so Mama ta ji a bakin rijiya?"

Da aka sake dubawa, hoton ya sauka.

Gloria ce kuma ta tuna da Mary. Mary matar wani malamin firamare ce, tana da ɗan shagon kayan masarufi kusa da gidan Mama. A layinsu ita ce mai data kullum, ita ke nuna wa tsohuwar hotunan jikokinta, kuma tana bin shafin ƙungiya. Idan akwai wanda zai gani a ƙauyen, ita ce, kuma mace ce mai saurin kuka. Wilfred ya kira lambarta, ba ta shiga ba. Ya sake kira, ta shiga ba a ɗauka ba. Ya kira Baba Tagwai, ya ce har yanzu Kawu Samson bai iso ba, kuma daga inda suke ba sa jin kuka, amma gidan Mama yana ɗaya gefen gari ne, ba lallai su ji ba.

Daga nan babu sauran abin yi sai jira. Wilfred ya koma kan bulonsa, waya a tafin hannu. Aka kawo masa ruwa bai sha ba. Debby ta kira ta tambaye shi ko ta mayar da firiza, ya ce ta mayar, ta ce, "Ka ci wani abu?" ya ce a'a, ta ce ita ma.

Can sai ga saƙo daga Mary, gajere: "Na gani. Ina wurinta. Muna ɓarar gyaɗa."

Daga baya, a wurin jana'iza, Mary ta ba da labarin yadda aka yi. Tana bayan kantar shagonta ta ga hoton, ta yi ihu sau ɗaya, ta ɗaura zane ta fita a guje za ta gidan Mama. A tsakiyar hanya zuciyarta ta ƙi yarda, ta tsaya ta buɗe wayar don ta sake kallon fuskar. Ba ta ga hoton ba, sai layi biyun nan. Ta tsaya a bakin famfo ta wanke fuska har sai da ta tabbata muryarta ta dawo. Sannan ta koma shago ta ɗauko kwanon gyaɗa, ta shiga ta ce, "Mama, taya ni ɓara, hannu ɗaya ya gaji." Ta zaɓi zama a bakin ƙofa, yadda duk mai shigowa da ita zai fara haɗa ido. Mata biyu suka zo, ɗaya har ta ɗora hannu a ka. Mary ta zare musu ido ta ɗaga murya ta ce, "Yauwa, ga masu taya mu." Suka gane, suka zauna suka kama ɓara. Saboda haka da Kawu Samson ya iso da fasto da dattawan Kaduna, matan da ake bukata su riƙe ta suna zaune a gefenta tuni.

Gab da magariba wayar Wilfred ta yi haske. Baba Tagwai ne, muryarsa ta dushe.

"An faɗa mata."

"Wa ya faɗa?"

"Ɗan'uwanta. Ya riƙe hannunta ya faɗa. Ta yi kuka, amma tana zaune, ta sha maganinta. Yanzu kana iya saka abinka."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ni na ce maka huɗu. Bar maganar."

Ya shiga ya gaya wa Gloria. Ta rufe fuska da mayafi, matan suka ɗauki waƙa, wannan karon da ƙarfi. Da ya koma gida bai sake saita komai ba. Washegari da safe ya zauna a gaban kwamfuta ya sa sanarwar da hannunsa, yana kallonta ta fita.

Tun daga ranar ya canza yadda yake aiki a abu ɗaya. Ayar safiya da kek da komawa makaranta har gobe injin ne ke sakinsu. Sanarwar rasuwa kuwa ba ya saita mata lokaci, ko wa ya roƙe shi. Yakan shirya ta ya ajiye, ya ce a kira shi idan an gaya wa wanda ya kamata, kuma yakan tambaya wa ya faɗa. Wasu suna ganin abin ya yi yawa. Wani sakataren coci har ya ce masa ya zama dattijon ƙauye a cikin kwamfuta. Wilfred ya ce ya karɓi sarautar.

Idan ana zancen ranar, ba ya yarda a yaba masa. Yakan ce abu biyu kawai aka goge da na'ura, ɗaya ma ba shi ya goge ba, sauran duk mutane ne suka yi. Ya bi matan zumuntar nan ya yi musu godiya a cocinsu. Ya nemi Ebenezer a wurin da tankoki ke layi, suka zauna a inuwar mota suka yi hirar Harrison. Debby kuwa ta ce godiyar baki ba ta isa ba, tun da yanzu ta iya kwamfuta sai a sa mata kifinta a Fesbuk, aka kuwa sa.

Ranar jana'iza ya bi motar ƙungiya zuwa ƙauyen. Ya kai wa Mary atamfa, ta ce ita me ta yi, gyaɗa kawai ta ɓare. Bayan an dawo daga kabari aka ce Mama tana kiransa. Ya same ta a tabarma a inuwar rumbu, ƙaramar tsohuwa, ɗan'uwanta yana zaune a kujera kusa da ita. Wilfred ya durƙusa ya gaishe ta, bai san abin da aka gaya mata ba.

"Kai ne mai sa hoto a waya?"

"Ni ne, Mama."

"An ce ka sa na ɗana, mutane sun gani har Legas."

"Haka ne, Mama."

Ta dubi ƙasa. "Ranar nan gyaɗar Mary ta yi yawa," ta ce. "Matan da ba sa zuwa gidana sai da dalili suka zo suka zauna, ba mai kallon idona. Na ce a raina, akwai magana a hanya. Ban tambaya ba. Na ce bari in jira mai ita." Ta ɗora hannu a gwiwar Kawu Samson. "Ya kuwa zo."



"To nuna mini," ta ce.

Ya ciro wayar ya buɗe shafin, ya ƙara wa hoton girma, ya sa mata a hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta janye, ta sake kawowa. Ta daɗe tana kallo, tana shafa gefen wayar da babban yatsa.

"Wannan shaddar ni na ce ya ɗinka," ta ce. "Ka zaɓi mai kyau, ɗana. Ya yi ƙiba a nan."